Tsufan Fada a Ƙasar Noma: Rayuwa da Hidimar Dattijon Limamin Katolika a Yankin Funtuwa da Malumfashi

A ƙasar noma irin ta kudancin Jihar Katsina, inda gonakin masara da dawa da auduga da waken suya suka shimfiɗu daga Funtuwa zuwa Bakori da Ɗanja da Kafur har Malumfashi, manomi yana yi wa tsufansa tanadi da abu biyu, wato gona da 'ya'ya. Tsarin gandu, wanda a cikinsa uba da 'ya'yansa maza suke noma gona ɗaya su zuba amfanin a rumbu ɗaya, shi ne ya daɗe yana ba dattijo tabbacin cewa ranar da hannunsa ya kasa riƙe fartanya tuwonsa ba zai yanke ba, kuma ko da yake tsarin ya yi rauni a wannan zamani, har yanzu abin kunya ne a ga tsoho mai 'ya'ya yana kwana da yunwa. A cikin wannan al'umma akwai wasu maza ƙalilan da suke shiga tsufa ba tare da ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu ba, kuma da saninsu da yardarsu suka zaɓi hakan tun suna samari. Su ne limaman ɗarikar Katolika, waɗanda littattafan coci ke kira firistoci, jama'a kuwa, Kirista da Musulmi, suka fi sani da sunan fada, kalmar da aka aro daga Turanci mai ma'anar uba. Dokar cocinsu ta hana su aure, ta kuma ɗora musu biyayya ga bishop wanda ke da ikon tura su duk inda aiki yake, saboda haka fadan da ya haura saba'in a wannan yanki ba shi da ɗan da zai noma masa, ba shi da jikan da zai aika, kuma gidan da yake kwana a ciki ba nasa ba ne.

Zuwan Katolika wannan yanki yana da alaƙa da jirgin ƙasa da cinikin auduga. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tiƙe a Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, da yawansu 'yan Katolika, kuma su ne suka fara taruwa domin ibada a unguwannin baƙi, a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. A 1953 fadar Fafaroma ta danƙa yankin Sakkwato da Katsina ga 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, wata tsohuwar ƙungiyar masu wa'azi da aka amince da ita tun 1216, ƙarƙashin jagorancin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko lokacin da aka ɗaga yankin zuwa matsayin dayosis a 1964. Dayosis ita ce ƙasar da bishop ɗaya ke shugabanta, kuma ana kasa ta zuwa gundumomi da ake kira farish, kowace da babban cocinta da fadan da ke riƙe da ita da ƙananan majami'un ƙauyuka da ke ƙarƙashinta. Sawun 'yan Dominikan yana nan a sunayen majami'u, domin cocin Malumfashi yana ɗauke da sunan Vincent Ferrer, mai wa'azin ƙasar Sifaniya da ya rasu a 1419, babban cocin Katsina kuma yana ɗauke da sunan Martin de Porres na ƙasar Peru, dukansu biyu 'yan wannan ƙungiya.

Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun kwashe mafi yawan 'yan kudu daga garuruwan bakin dogo, kujerun coci suka zama wayam, masu aikin mishan kuma suka ƙara mayar da hankali ga karkara, inda Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya na iyaye da kakanni, suke zaune a manyan gidajensu na noma da ke warwatse a daji. A cikin irin waɗannan gidaje ne masanin tarihi Murray Last ya zauna a kusa da Malumfashi a wajejen 1970 yana nazarin rayuwarsu da magungunansu. Da yawa daga cikinsu sun musulunta, wasu sun shiga cocin ECWA, wasu kuma Katolika, wadda ta kafa makarantar horar da malaman coci a Malumfashi, ta kuma sami sauƙin yin ibada da Hausa bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar amfani da harsunan jama'a a maimakon Latin. A 1984 Kevin Aje ya gaji Bishop Michael Dempsey ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci dayosis ɗin Sakkwato, Matthew Hassan Kukah ya gaje shi a 2011, sannan a watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanke sabuwar dayosis ta Katsina ya naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe wanda ya tashi a Malumfashi. Mabiyanta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen yankin ba. Abin da wannan tarihi ke nufi ga batun tsufa shi ne cewa Turawan farko sun rasu ko sun koma ƙasarsu inda ƙungiyarsu ke da gidajen kula da tsofaffinta, waɗanda girma ke kamawa yanzu kuwa 'yan ƙasa ne da aka naɗa a shekarun 1970 da 1980, kuma a nan za su tsufa.

A koyarwar Katolika, naɗin firist, wanda bishop ke yi ta hanyar ɗora hannuwa a kan wanda ya kammala karatun falsafa da ilimin tauhidi na kimanin shekara takwas ko tara a makarantu irin su St. Augustine da ke Jos, abu ne da ba ya goguwa, don haka babu shekarun da mutum zai kai a ce ya tashi daga zama fada. Abin da ake ajiyewa shi ne muƙami. Tun 1966, zamanin Fafaroma Paul na Shida, aka tsayar da shekara 75 a matsayin lokacin da ake buƙatar shugaban farish ko bishop ya miƙa takardar ajiye aiki, kuma kundin dokokin coci na 1983 ya tabbatar da hakan game da shugaban farish a sashe na 538, inda ya bar wa bishop ikon karɓa ko jinkirtawa gwargwadon halin mutumin da na wurin, tare da wajabta masa samar wa wanda ya sauka abin rayuwa da wurin zama da suka dace. A inda ma'aikata suka yi ƙaranci kuma ƙauyuka suka yi yawa, jinkirtawar ba baƙon abu ba ce, kuma ko an karɓi takardar, galibi tsohon yakan ci gaba da zama a gidan fada na wata farish tare da matashin da ke riƙe da ita. Hatta a ƙololuwar shugabancin cocin an ga hanyoyi biyu, domin John Paul na Biyu ya riƙe kujerarsa cikin doguwar rashin lafiya har ya rasu a 2005, magajinsa Benedict na Sha Shida kuwa ya sauka da kansa a 2013 yana mai cewa ƙarfinsa ya gaza.

Ranar tsohon fada tana farawa kafin gari ya waye, kusan lokacin da ladanai ke kiran assalatu a masallatan da ke kewaye da shi, kuma abin da ya fara ɗauka shi ne littafin addu'ar sa'o'i. Wannan addu'a wajibi ce a kan kowane firist daga ranar da aka keɓe shi har mutuwarsa, sai dai idan rashin lafiya ta hana, kuma ta ƙunshi karatun Zabura da wasu sassan Littafi Mai Tsarki da aka rarraba a kan lokuta biyar na yini, ta yadda ake zagaye kusan dukan Zabura a cikin mako huɗu. Mutumin da ya yi shekara arba'in ko hamsin yana wannan zagaye ya haddace mafi yawansa, abin da ke zame masa rufin asiri ranar da yanar ido ta hana shi ganin ƙananan haruffa. Daga nan sai Mas, wato babbar ibadar Katolika wadda a cikinta ake karanta nassi, a yi wa'azi, a keɓe gurasa da ruwan inabi a kan bagade domin tunawa da jibin ƙarshe na Yesu Almasihu. Mas na ranakun mako gajere ne, masu zuwansa kuma ba su da yawa: katakis, wato malamin cocin da ke koyar da masu shirin baftisma, da wasu tsofaffin mata na Zumuntar Mata Katolika, da 'yan kasuwar da ke son yin ibada kafin buɗe shago. Da damina ma adadin raguwa yake yi, domin mai noman farko ba ya jiran rana ta ɗaga.

Dokokin cocin sun yi wa tsufa rangwame a wurare da dama, kuma a cikin rangwamen akwai hikimar da ta dace a lura da ita. Firist da ya kasa tsayuwa yana iya yin Mas a zaune, ko da yake yin haka a gaban jama'a yana buƙatar izinin bishop, wanda idonsa ya mutu kuma yana iya amfani da addu'o'in da ya haddace idan akwai mai taimaka masa a gefe. An ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya ƙa'idar kamewa daga abinci na sa'a ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji, wajibcin azumi na Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciyewa kuma yana sauka daga kan wanda ya shiga shekara ta sittin. Wannan na ƙarshe yana da amfani a nan fiye da wasu ƙasashe, domin azumin kwana arba'in da ke gabatar Ista yakan faɗo ne a ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke galabaitar da mai hawan jini ko ciwon suga.

Inda tsufa ya fi cin fada shi ne wajen tafiya. Aikin farish a wannan yanki aikin hanya ne, domin babban coci ɗaya yakan kasance da ƙananan majami'u masu yawa a ƙauyuka da unguwannin da mota ba ta shiga, kuma doka ta yarda firist ya yi Mas har sau uku a ranar Lahadi idan ma'aikata sun yi ƙaranci. A shekarun ƙarfinsa fada yakan ɗaura akwatin kayan ibada a bayan babur ya kama hanyar burji, ya bar ta ya bi ta tsakanin gonaki, a watan Agusta kuma, lokacin marka, sai ya ajiye babur a bakin rafi ya naɗe ƙafar wando ya haye. Ƙauyen da ke nesa yana iya yin wata guda ko fiye bai ga fada ba, katakis ne ke jagorantar addu'ar Lahadi da jana'iza da koyar da yara, ranar da fada ya iso kuwa sai a haɗa baftisma da sauraron masu furta zunubi da ziyarar marasa lafiya duk a yini ɗaya. Gwiwa da baya da ido su ne ke fara raba mutum da wannan aiki. Idan hakan ta faru, tsarin da aka saba shi ne matashin fada ya ɗauki ƙauyuka, tsohon ya riƙe Mas na cikin gari, kuma duk da cewa tsari ne mai ma'ana, akwai asara a cikinsa da ba a cika lissafawa ba, domin mutanen ƙauyukan nan su ne ya yi wa baftisma ya ɗaura wa aure, su ne kuma mafi ƙarancin halin biyan kuɗin mota su zo su gan shi.

Da kaka lamarin yakan sassauta, hanyoyi sun bushe, kuɗi sun shigo hannu, aure ya yawaita, kuma kowace majami'a tana yin bikin godiya inda manoma ke kawo damman dawa da buhunan masara da kaji da awaki gaban bagade, a sa musu albarka a sayar domin ayyukan coci. A irin wannan taro ake neman tsohon fada ko da ɗauko shi za a yi a mota, saboda shi ya san wanda ya ba da filin da aka gina majami'ar da shekarar da aka sauya jinkar ciyawa da kwano.

Abin da ƙafa ta rasa, kunne ne ke maye shi, kuma a nan ne ainihin hidimar dattijon fada take. Bayan karin kumallo yakan zauna a barandar gidan fada ko a inuwar bishiya, mutane su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa su gaishe shi da Baba Fada, a yi gaisuwar gida da gona da gajiya kafin a shiga maganar da ta kawo su. Wani ɓangare na wannan sauraro ibada ce mai ƙa'ida, wato furta zunubi, inda mai bi ke faɗa wa firist laifofinsa a asirce domin neman gafarar Allah, kuma dokar coci ta haramta wa firist bayyana abin da ya ji ta kowace fuska da kowane dalili, hukuncin wanda ya karya ta kuwa shi ne yankewa daga tarayyar coci nan take. A al'ummar da kunya take da matsayi babba, dattijuwa ba ta jin sauƙin buɗe cikinta ga fadan da ya yi sa'a da ɗan autanta, magidanci mai furfura ma haka, don haka layin da ke gaban tsoho yakan fi tsawo. Sauran maganganun kuwa na zaman duniya ne: rikicin iyakar gona tsakanin 'yan'uwa, matar da mijinta ya rasu dangi suna son raba ta da gonar marayu, yarinyar da ake son cirewa daga makaranta a yi mata aure, saurayin da ya tafi cirani ya daina aike.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne maganar aure. Katolika ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, ba ta kuma yarda da saki bayan an ɗaura aure a coci tsakanin masu baftisma ba, alhali a gidajen da suka fito daga Maguzanci tara mata da 'ya'ya shi ne ƙarfin gandu. Magidancin da ke da mata biyu ko uku yana neman baftisma, doka ta ce da ɗaya zai zauna, ta kuma ce a kula da haƙƙin sauran bisa adalci, amma yadda za a yi hakan ba tare da an jefa mace da 'ya'yanta cikin wahala ba abu ne da babu littafin da zai koya wa mutum, sai daɗewa a cikin jama'a. Haka kuma ba abin mamaki ba ne a sami zuri'a ɗaya da ta ƙunshi Musulmi da Kirista da wani tsoho da bai bar tsafin gidansu ba, duk suna haɗuwa a suna da biki da zaman makoki. Fadan da ya daɗe ya san wane ne kawun wane, ya san maganar da aka yi shekara talatin da ta wuce wadda ta haifar da gabar yau, ya kuma san lokacin da shiru ya fi wa'azi amfani. Bayan abin da ke kansa, akwai manyan littattafan rajista na baftisma da aure da mutuwa da doka ta wajabta wa kowace farish ta ajiye, waɗanda shafuka da yawa a cikinsu da hannunsa aka rubuta, kuma ga mutanen karkara da aka haifa ba a asibiti ba, katin baftisma ya sha zama takarda ɗaya tilo da ke nuna shekarunsu.

Zaman tsoho da matashi a gida ɗaya ba kullum yake tafiya sumul ba, kuma laifin yakan kasance na ɓangarorin biyu. Wanda ya saba riƙe makullin ofis da littafin kuɗi yana jin zafin ganin an sauya lokacin Mas ko an sare bishiyar da ya dasa ba a tambaye shi ba, wani lokaci kuma jama'a ne ke ɓata lamarin ta hanyar tsallake mai muƙami su kai ƙara wurin Baba. Matashin kuwa, wanda ya zo da sabon ilimi da wayar hannu da tsare-tsare, yana iya ɗaukar tsohon a matsayin mai cike gurbi kawai, wanda ake tunawa da shi ranar da aka rasa mai yin Mas na biyu. Wannan kuskure ne babba, musamman a dayosis da ba ta daɗe da kafuwa ba kuma ba a rubuta mafi yawan tarihinta ba. Haka zumuncin da ke tsakanin gidan fada da gidan mai unguwa ko dagaci ko limamin gari, wanda aka gina da zuwa ta'aziyya da barka da salla da aiken abinci ranar Kirsimeti, galibi da fuskar mutum ɗaya aka san shi, kuma idan ba shi ya kama hannun magajinsa ya kai shi zaure ya gabatar ba, sai sabon ya faro daga tushe.

A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro ya sauya komai. A daren 20 ga Mayu, 2021, 'yan bindiga sun afka wa farish ɗin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi suka tafi da firistoci biyu. Washegari aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello, matashin da aka aro daga Kaduna yake riƙe da farish ɗin, a wata gona bayan makarantar horar da malaman coci, shi kuwa dattijon da ke zaune tare da shi, Fada Joseph Keke, wanda rahotanni suka ce yana da shekara 75, ya shafe kimanin mako biyu a hannunsu kafin a sake shi a farkon watan Yuni. Shekara 75 ɗin nan su ne daidai waɗanda doka ta tsayar domin hutu, kuma duk wanda ya san yadda ake kora waɗanda aka sace a ƙafa cikin daji da dare, ba magani ba abincin kirki, zai gane abin da hakan ke nufi ga jikin tsoho. Bayan shekara guda, a ranar 25 ga Mayu, 2022, aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara tare da wasu yara biyu daga cocin St. Patrick da ke Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Kafur, suka yi fiye da wata guda a tsare. Bala'in bai keɓe Kirista ba, domin a wannan yanki ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, a nan ne kuma aka kashe masallata da dama suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agusta na 2025, amma gidan fada yana da rauni na musamman, saboda sananne ne, mutanen cikinsa kaɗan ne, kuma masu satar suna zaton akwai wata hukuma mai kuɗi a bayansa.

Tasirin wannan hali ya shiga har cikin ƙananan al'amuran yini. Kiran dare zuwa wurin mai jinya da ke bakin mutuwa, wanda a da fada ba ya jinkirta shi ko da ƙarfe nawa ne, ya zama abin da ake auna shi da tsoro, ibadar daren Kirsimeti da ta daren Ista kuma an sha dawo da su zuwa yamma a wurare da yawa domin mutane su isa gida da ido. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, mai neman fada domin majinyaci sai ya tako da ƙafarsa. Ƙauyukan da suka watse sun turo mutanensu cikin gari, kuma da yawansu ƙofar tsohon da suka sani suke fara ƙwanƙwasawa, shi kuwa abin da yake da shi bai wuce sauraro da addu'a da ɗan abin da ya rage a aljihunsa ba.

Aljihun nan ma daga gona yake cika. Fada ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba shi da fansho irin na malamin makaranta, abin da yake rayuwa da shi yana fitowa ne daga baikon Lahadi da bikin godiyar kaka da ɗan abin da masu bi ke bayarwa idan sun roƙi a yi Mas domin wani mamaci ko wata buƙata, sai kuma tallafin dayosis da wani asusun taimakon juna na firistocin Najeriya mai suna Opus Securitatis. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa saboda tsoro, ko ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ba shi da damin da zai kawo, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya ninka kuɗin tafiya da na magani. Ciwon da ya fi ƙarfin babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi sai an dangana da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a nufi Katsina, kuma wanda ba shi da ɗa yana buƙatar wanda zai kwana da shi a gefen gado. A nan bambancin da ke tsakanin firistoci iri biyu yake fitowa fili: ɗan ƙungiya irin ta Dominikan yana da gidan 'yan'uwansa da zai koma, firist na dayosis kuwa bishop da jama'ar farish su ne danginsa. Wasu daga cikin masu hidima a nan 'yan asalin kudancin Kaduna ne ko Filato ko Binuwai ko ƙasar Ibo, kuma bayan shekara arba'in a ƙasar Katsina iyayensu sun rasu, gidan gado ya rabu, Hausa ta fi harshen gida sauƙi a bakinsu, komawa garinsu ta zama tamkar zuwa baƙunta.

Shi ya sa tambayar inda tsohon fada zai ƙarasa rayuwarsa take da wuyar amsawa. Gina gida na musamman a babban birni kusa da asibiti yana ba da tsaro da kulawa, amma yana raba mutum da jama'ar da su ne kaɗai gandunsa, barinsa a farish ta karkara kuma yana riƙe masa mutuncinsa da aikinsa tare da jefa shi cikin haɗari. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a tambaye shi tun yana iya zaɓa, a ajiye shi a farish ta cikin gari irin ta Funtuwa ko Malumfashi inda mutanen ƙauye ke zuwa kasuwa su biya su gaishe shi, a kuma sa kuɗin maganinsa da ladan mai kula da shi a cikin kasafin dayosis a rubuce, domin kada lafiyarsa ta dogara ga kirkin duk wanda aka turo gidan. A aikace, matan Zumunta da iyalan malaman coci ne suka daɗe suna ɗaukar mafi yawan wannan nauyi, su ke aiko da kunu da miya, su ke wanki, su ke lura idan bai fito Mas ba.

Idan jiki ya kai inda ba ya iya tashi, hidimar da ya yi wa dubban mutane ita ake juyowa a yi masa. Matashin fada ne ke kawo masa Jibin Ubangiji a kan gado, ya saurari furcinsa, ya shafa masa man da bishop ya keɓe a makon da ke gabatar Ista a goshi da tafin hannu, ibadar da ake kira shafewar marasa lafiya, wadda doka ta yarda a yi wa duk wanda ciwo ko tsufa ya raunana. Idan ya cika, ana sa masa tufafin da yake yin Mas da su, mata su kwana suna addu'ar carbi, bishop da sauran firistoci su taru su yi masa Mas na jana'iza, maƙwabta Musulmi kuma su zo gidan fada su yi wa matashin da aka bari ta'aziyya kamar yadda ake yi wa ɗan mamaci. A dayosis da yawa na Najeriya al'ada ce a binne firist a maƙabartar 'yan'uwansa firistoci maimakon a mayar da shi garinsu, sannan a buɗe rajistar mamata ta farish a rubuta sunansa da shekarunsa da ranar rasuwarsa, a ƙarƙashin sunan mutum na ƙarshe da aka binne kafin shi.